Mujaddadin Wane Ƙarni? Bin Sawun Laƙabin Shehu a Ƙasar Zamfara

A ƙasar Maradun, daga Tsibiri zuwa Faru da Magami, har a bi gulbi a gangara Talata Mafara da Bakura, da wuya ka ji dattijo ya kama sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo gatsau. Shehu Mujaddadi zai ce, ya biyo da addu'a. Maroƙi ma in zai wasa basaraken da ya fito daga wannan tsatso, jikan Mujaddadi yake ce masa. Laƙabin ya manne wa sunan har yaro sai ya ɗauka da shi aka yanka rago. Amma ka tsare masu faɗar ka tambaye su: mujaddadin wane ƙarni? Wani zai ce na 12, wani ya ce na 13, kuma kowanne yana da malamin da ya ji daga bakinsa. Saɓanin yana da dalili. Wannan laƙabi a ɗaure yake da ƙidayar shekaru, kuma in aka ɗauko ƙidayar yadda magabata suka tsara ta aka gwada wa Shehu, sai a ga ba ta zauna daidai ba.

Tushen maganar hadisi ne da Abu Dawuda ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda ma'anarsa ita ce a kan kowace shekara ɗari Allah Yana tayar wa wannan al'umma wanda zai sabunta mata addininta. Hadisin bai ambaci sunan kowa ba, malamai ne suka yi ta cike gurbin. Sun haɗu a kan Umaru ɗan Abdul'azizu a ƙarnin farko da Imamu Shafi'i a na biyu. Daga nan aka fara rarrabuwa, amma sunayen da suka fi yawo sanannu ne. Dubi shekarun rasuwarsu a lissafin Hijira: Umaru 101, Shafi'i 204, Gazali 505, Fakhruddini Razi 606, Ibnu Daƙiƙil Idi 702, Bulƙini 805, Suyuɗi 911. Kowannensu ya ga ƙarshen ƙarni yana babban malami da ake nunawa da yatsa, ya taka cikin sabon ƙarnin da 'yan shekaru, sai Allah Ya karɓi abinsa. Wannan ya zama kamar ma'auni a wurin masu jera sunayen.

To ga Shehu. An haife shi a Maratta cikin 1168, wato Disamba 1754. Ya rasu a Sakkwato cikin 1232, Afrilu 1817. Ranar da shekara ta 1200 ta kama, a watan Nuwamba 1785, bai ma cika shekara 32 ba a lissafin Hijira. Ba shi da tuta, ba shi da runduna, manyan littattafan da aka san shi da su bai rubuta su ba tukuna. Hijirar Gudu sai a 1218 ta auku, shekara 18 bayan juyawar ƙarnin, Alƙalawa kuwa ba ta faɗi ba sai a 1808 Miladiyya. Wanda ya ce jihadi ne ya ba Shehu laƙabin, sai ya gaya mana yadda aikin da ya makara da kusan shekara ashirin ya zama aikin kan ƙarni. Wanda kuma ya auna shi da ma'aunin magabata zai tarar ya wuce su duka da tazara mai yawa, domin ya rayu shekara 32 bayan ƙarnin ya juya.

Turawan da suka fara rubuta labarin Shehu ba su ci karo da wannan ƙulli ba, saboda kalmar da suka sa wa Shehu ba ta da kalanda a cikinta. Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarimu, ya ratsa Zamfara a 1853 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A littattafan tafiyarsa da suka fito a 1857 da 1858 ya kira Shehu da kalmar da mutanen garinsu Hamburg suke kiran Martin Luther da ita. Kalmar daga harshen Latin ta fito: reformare, a mayar da abu ga siffarsa, mai yin aikin kuma reformator. Tun wajen shekara ta 100 Miladiyya wani marubucin Rum, Pliny Ƙarami, ya yi amfani da ita cikin wata wasiƙa yana yabon mutumin da ya farfaɗo da adabin da ya soma tsufa. Daga baya coci ta karɓe ta. An yi ta maimaita ta a babban taron Konstans na 1414 zuwa 1418, sannan bayan 1517 ta zama sunan Luther na Wittenberg da Zwingli na Zurik da Calvin na Janiba. Harsunan Turai kusan duka sun gaje ta, kowanne ya lanƙwasa wutsiyarta yadda bakinsa ya saba: Jamusawa da mutanen Folan da Rashawa suka bar ta reformator, Faransawa suka ce réformateur, Italiyawa riformatore, mutanen Sifen da Fotugal reformador, Ingilishi reformer.

A ma'anarta ta asali ba ta yi nisa da tajdidi ba, domin duka biyun baya suke waiwaye, zuwa ga siffa ta farko da aka bari ta lalace. Aikin ya yi kama da yaɓen ɗaki kafin damina: ba a tayar da sabon gini, ana dai toshe inda ruwa ya zaizaye ne a mayar da bango yadda magini ya bar shi. Sai dai a zamanin Barth kalmar ta riga ta yi wata fuska ta biyu a Turai. Bayan dokar gyaran zaɓe ta Ingila ta 1832, ana kiran ɗan siyasar da ke neman sabon tsari da ita, ko da tsarin bai taɓa wanzuwa ba. Da wannan fuska ta biyu littattafan makarantun boko suka dawo mana da Shehu, mai juyin juya hali, mai kifar da sarakuna. Akwai gaskiya a ciki. Amma duk wanda ya tsaya nan ya rasa tambayar da mutanen zamanin Shehu suke yi da bakinsu, wadda ita ce: ga shekara ta 1200 ta zo, ina mutumin da aka yi alkawari?

Ba su yi wannan tambaya da ka ba. Shekara ɗari uku kafin nan, mutum biyu sun shuka ta a ƙasar Sudan, wato wannan yanki namu. Na farko Jalaluddini Suyuɗi na Alƙahira, wanda ya tsara sunayen mujaddadai cikin waƙa, ya kuma bayyana fatansa a fili cewa shi ne na ƙarni na tara. Suyuɗi ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan wannan yanki, ciki har da Sarkin Katsina Ibrahimu da Sarkin Agadas, littattafansa kuwa, musamman Tafsirin Jalalaini da ya kammala, har gobe da su ake buɗe tafsirin azumi a garuruwanmu. Na biyu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Magili, wanda ya zauna Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, daga baya ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu na Songai. A cikin amsoshin da ya ba Askiya ya taɓo wannan hadisi, kuma a ganina nan ne mabuɗin ƙullin yake. Magili bai damu da shekarar rasuwa ba. Abin da ya sa a gaba shi ne alamomin da za a gane mutumin da su tun yana raye: malami ne mai umarni da kyakkyawa da hani ga mummuna, mai sulhunta mutane, mai tsaya wa wanda aka zalunta a kan azzalumi, wanda halinsa ya saɓa da na malaman zamaninsa har ya zama kamar baƙo a cikinsu. Ya raba malamai gida biyu, na Allah da miyagu masu cin dukiyar mutane da ƙarya. Shehu ya san waɗannan amsoshi ciki da bai, ya kwaso da yawa daga cikinsu ya zuba a littafinsa Sirajul Ikhwan. Ke nan ma'aunin da mutanen Shehu suke riƙe da shi na Magili ne, kuma wannan ma'auni aiki yake dubawa: me mutum yake yi a lokacin da ƙarni ya juya?

Amsar tana Zamfara.

Ƙasar da Shehu ya shigo a wannan lokaci ƙasa ce da aka karya. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Gobirawa suka kafa Alƙalawa a kan ƙasar Zamfarawa, gidan sarautar Zamfara ya shiga yawon neman mazauni. Talaka yana biyan haraji ga wanda ya ci garinsu da yaƙi, makiyayi yana biyan jangali, ga kamen bayi ba ya ƙarewa. Shehu ya fara wa'azi tun 1188 Hijira, yana ɗan shekara ashirin, a Ɗegel da Kabi, amma zamansa mafi tsawo a wajen gida shi ne na Zamfara. Ƙanensa Abdullahi, wanda ya yi tafiyar tare da shi, ya rubuta a Tazyinul Waraƙat cewa sun yi kimanin shekara biyar a can, ya kuma siffanta jahilcin da suka tarar da kalmomi masu zafi. Faru, da ke cikin ƙaramar hukumar Maradun a yau, na cikin wuraren da Shehu ya yi mazauni.

Abin da ke ba ni sha'awa a waɗannan shekaru shi ne mutumin da jama'a suka fara yi wa kallon na musamman, shi kansa ɗalibi ne a lokacin. A shekara ta 1201 shi da Abdullahi suka zauna gaban Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda ya dawo daga Hijaz, suka karanci Sahihul Buhari. Babban malaminsa Jibrilu ɗan Umaru shi ma a waɗannan shekaru ya dawo daga hajjinsa na biyu, ɗauke da ijazar da ya karɓo a Alƙahira daga Murtala Zabidi, mai ƙamus ɗin nan Tajul Arus, ya kuma miƙa salsalar ga Shehu da Abdullahi. A riƙe sunan Zabidi, za mu sake haɗuwa da shi. Duk da girman da Shehu ke ba Malam Jibrilu, bai bi shi a kan kafirta Musulmi saboda aikata manyan zunubai ba, ya kuma rubuta dalilinsa cikin ladabi. Haka ya yi da ɗaliban ilmin tauhidi masu tare talaka da tambayoyin da bai taɓa ji ba, in ya kasa amsawa su ce ba Musulmi ba ne. Shehu ya tsaya wa imanin talakan. Wa'azinsa da Hausa da Fulatanci yake yi, a kan alwala da salla da azumi, da gado da aure da ciniki, da barin bautar duwatsu da itatuwa. Wannan shi ne tajdidin a aikace, kuma ba a zare takobi ko ɗaya a cikinsa ba.

A cikin wannan tafiya ce, a wani wuri da ake kira Daura, wani malami Babarbare mai suna Mustafa Gwani ya aiko wa Shehu da baitoci yana sukarsa saboda mata suna halartar wa'azinsa. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa, shi ma cikin waƙa. Gundarin amsar shi ne ba a cakuɗa maza da mata ba, kuma barin mata cikin jahilcin abin da Allah Ya wajabta musu ya fi fitowarsu muni. Daga baya Shehu ya faɗaɗa maganar a Nurul Albab, inda ya yi kaca-kaca da malaman da ke koyar da ɗalibai a zaure su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. 'Yarsa Nana Asma'u, da aka haifa a 1793 bayan komawa Ɗegel, ita ce ta mayar da wannan matsayi ya zama makarantar 'Yan Taru. Ba na iya karanta labarin Mustafa Gwani ban tuna Jangebe ba, a cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, inda 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata 279 daga makarantarsu a watan Fabrairu 2021. A ƙasar da Shehu ya fara kare haƙƙin mace ta fita neman ilmi, nan ne iyaye suke kwana da fargabar tura ta. Abin yana da ciwo ƙwarai.

Sai Magami. Wajen 1788, a Babbar Salla, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a can ya yi musu kyauta. Labarin da mutanen Shehu suka adana ya ce an ware masa miskali 500 na zinariya, ya ƙi karɓa, ya ce shi da jama'arsa ba su da buƙatar dukiyar sarki. A madadinta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kada a hana mai son amsa kiran, a mutunta duk mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Cikin waɗanda aka saki har da Abarshi na gidan sarautar Zamfara. Yanzu a ɗauko alamomin Magili a ɗora a kan wannan rana. Ga malamai sun miƙa hannu sun karɓa, ga ɗaya ya fita daban. Ga wanda aka zalunta an tsaya masa a gaban mai ƙarfi, ba tare da an zub da jini ba. Duk malamin da ke filin idin nan, in dai ya karanta amsoshin Magili, ya san abin da idonsa ya gani, kuma ya san shekara biyu kacal ke nan da juyawar ƙarni. Ni dai ban ga inda laƙabin ya samo asali ba in ba a waɗannan shekaru ba. Littafin da Shehu ya kammala jim kaɗan bayan barin Zamfara, wajen 1793, sunansa ma ya isa shaida: Ihya'us Sunna wa Ikhmadul Bidi'a, raya sunna da kashe bidi'a.

Sai dai jama'a ba su tsaya a mujaddadi ba. Suyuɗi ya rubuta wata 'yar risala yana kore raɗe-raɗin cewa duniya za ta tashi a shekara ta 1000, kuma daga lissafinsa mutane suka fahimci Mahadi zai bayyana a 1200 ko 1204. Shekarar da ake jiran mujaddadi ita ce dai shekarar da ake jiran Mahadi, don haka da yawa suka haɗa biyun a kan mutum ɗaya. Shehu kansa ya yarda cewa zamani ya zo ƙarshe, ya kuma ɗauki aikinsa a matsayin share fage. Amma da aka ce shi ne Mahadin, sai ya ƙi, ya kuma ƙi a rubuce. A 1814, bayan wani mutum mai suna Hamma ya yi da'awar Mahadanci a cikin Buzaye, ya rubuta Tahzirul Ikhwan. Hujjarsa mai sauƙi ce: siffofin Mahadi sanannu ne a hadisai, da sunansa da nasabarsa da mahaifarsa, shi kuwa Usmanu ne, a Maratta aka haife shi cikin ƙasar Sudan. Ya kuma janye daga tsayar da shekara, ya nuna babu ingantaccen dalili a kai. Mutumin da ke da ƙasa a hannunsa daga Gwandu har Adamawa, da ya so wannan rawani da an naɗa masa shi. Nauyin wannan ƙin yana fitowa in aka dubi kan ƙarnonin da suka biyo baya. Ana gab da 1300, a 1881, Muhammadu Ahmad ya yi da'awar Mahadi a Sudan ta yau, har Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello ɗan Shehu, ya yi masa mubaya'a. A ranar farko ta 1400, cikin Nuwamba 1979, mutanen Juhaimanu suka mamaye Harami a Makka da nasu Mahadin, shekara guda bayan haka kuma Kano ta ga rikicin Maitatsine.

Ba na cewa jihadin ba shi da gurbi a tarihin Shehu. Dokokin Sarkin Gobir Nafata da suka hana rawani da lulluɓi da wa'azi, da harin Gimbana a zamanin magajinsa Yunfa, su suka tura jama'a Gudu. Abin da nake cewa shi ne yaƙi ya tarar da laƙabin ne, kuma Zamfara ita ce wurin da ya fi nuna bambancin shekarun allo da shekarun takobi. Bayan asarar da aka yi a yaƙin Tsuntsuwa a ƙarshen 1804, yunwa ta koro jama'a zuwa Sabon Gari a cikin Zamfara a 1805. Zamfarawa sun karɓe su da farko, ga tsohon sabo, ga kuma ƙiyayyar Gobir da ta haɗa su. Amma rundunar da ke jin yunwa sai ta auka wa rumbunan masu masauki, garuruwa suka juya baya. Muhammadu Bello bai ɓoye wannan a Infaƙul Maisur ba. A 1807 Abdullahi ya ga yadda son mulki da ganima suka shiga zukatan mutane, ya fice daga runduna da niyyar wucewa gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkam. Shehun Barno Muhammadu Alkanemi yana ta aiko da wasiƙu yana tambayar hujjar yaƙar Musulmi. Abdussalami kuwa, almajirin Shehu wanda saboda mutanensa na Gimbana aka fara rikicin, ya yi wa Bello tawaye a Kware bayan rasuwar Shehu, aka ci garinsa, ya gudu da rauni ya rasu a Bakura a farkon 1818. Duk da wannan ɗaci, jikokin waɗanda aka kwashe wa hatsi ba su daina cewa Shehu Mujaddadi ba. Na fi gaskata cewa malamin Faru suke tunawa, wanda ya koya wa kakanninsu salla ya kuma fitar da Abarshi daga kurkuku.

Saura batun ƙarni. Shekara ta 1200 ita ce ta rufe ƙarni na 12, ta 1201 ta buɗe na 13. Kalmar da hadisin ya yi amfani da ita, kan shekara ɗari, tana ɗaukar ƙarshen wanda ya wuce, tana kuma ɗaukar farkon mai kamawa. Masu bin tsarin Suyuɗi suna jingina mujaddadi ga ƙarnin da ya ƙare a kan idonsa, shi ya sa Shafi'i da ya rasu a 204 ya zama na ƙarni na biyu. A wannan lissafi Shehu na 12 ne. Masu duban ƙarnin da aikinsa ya mamaye kuwa sai su ce na 13. Gaɓa ɗaya suke nunawa daga gefe biyu, kuma shekarun Zamfara a kan gaɓar suke.

Ba shi kaɗai ne a kan gaɓar ba. Zabidi, wanda ijazarsa ta iso Shehu ta hannun Malam Jibrilu, ya rasu a 1205, ya cika tsohon ma'aunin nan cif, kuma malamai da yawa sun ƙidaya shi mujaddadin ƙarni na 12. Malaman hadisi na Indiya sun haɗa shi da wani Bafulatani, Salihu Alfullani, haifaffen Futa Jalo wanda ya koyar a Madina ya rasu a 1218. A Najadu ga Muhammadu ɗan Abdulwahhabi da ya rasu a 1206. A cikin Sahara mabiyan Sidi Muhtar Alkunti, jagoran Ƙadiriyya da ya rasu a 1811 Miladiyya, sun ba shi wannan matsayi. Wannan bai rushe komai ba, domin tun da daɗewa malamai irin su Ibnul Asir da Ibnu Kasir da Ibnu Hajar sun yi bayanin cewa lafazin hadisin yana ɗaukar mutum ɗaya, yana ɗaukar jama'a, kowa a fanninsa da ƙasarsa. Ko a Tumbuktu, Ahmad Baba ya ba malaminsa Muhammadu Bagayogo matsayin a ƙarni na goma, bai jira amincewar Alƙahira ba. Almajirai ne ke shaidar malaminsu da abin da suka gani, na baya su tabbatar ko su yi watsi.

An taɓa gwada samun laƙabin ta wata hanya dabam, kuma labarin ya shafi Sakkwato kai tsaye. Shehu Ahmadu Lobbo ya kafa daularsa a Masina a 1818, ya gina Hamdallahi. Da farko yana kallon Sakkwato a matsayin uwa, daga baya ya tsaya da ƙafarsa. To amma da wace hujja Bafulatanin da ba ɗan gidan sarauta ba, ba kuma daga manyan gidajen malaman Jenne ko Tumbuktu ba, zai ce ba ya ƙarƙashin kowa? Sai ga wani tsohon littafin tarihi ya bayyana, Tarihul Fattash, da sunan Mahmudu Ka'ati, malamin zamanin Askiyoyi. A cikinsa an ce lokacin da Askiya Muhammadu ya je hajji a ƙarshen ƙarni na 15 Miladiyya, Suyuɗi ya shaida masa cewa shi ne halifa na 11 cikin halifofi 12 da aka yi bushara da su, na 12 kuwa zai fito daga Masina bayan shekaru ɗaruruwa, sunansa Ahmadu, shi ne sarki, shi ne halifa, shi ne mai sabunta addini. Babban malamin fadar Hamdallahi, Nuhu ɗan Ɗahiru, ya tsamo wannan bushara ya rarraba ta cikin wasiƙa zuwa ƙasashe.

Wasiƙar ta iso ƙasar Sakkwato, ta faɗa hannun Abdulƙadiri ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, jikan Shehu ta wajen 'yarsa Hadiza, mai makaranta a Salame. Ɗan Tafa masanin tarihi ne, ya san labarin Songai. Ya rubuta martani ya ƙi amincewa da da'awar. Hamdallahi ta ci gaba da riƙe busharar har 1862, shekarar da Alhaji Umaru Futi, surukin Muhammadu Bello, ya ci birnin da yaƙi.

Littafin kuwa ya fi daular tsawon rai. A 1913 wasu Faransawa biyu, Houdas da Delafosse, suka buga shi a Faris tare da fassara, masana suka yi ta dogaro da shi a kan tarihin Songai, ko da yake tun a lokacin an lura cewa sashen busharar yana da alamar tambaya. A 1971 Nehemia Levtzion ya gwada kwafe-kwafen da juna ya nuna cewa ainihin littafin na wani marubucin ƙarni na 17 ne, Ibnul Muhtar, jikan Ka'ati, kuma busharar ƙari ce ta ƙarni na 19. A 2020 Mauro Nobili, bayan bin rubuce-rubucen hannu a Mali da Nijeriya da Faransa, ya kai maganar ƙarshenta: Nuhu ɗan Ɗahiru ne ya ɗauki tsohon tarihin ya sake gina shi, ya sa masa sabon suna da sunan wani marubuci, domin ya kafa wa ubangidansa hujja. Cikin shaidun da ya kafa da su har da martanin da Ɗan Tafa ya rubuta daga Salame.